Rubutun Hujja Bisa Bincike: Abin da Ake Nema Wurin Ɗalibi da Abin da Aka Koya Masa

Tun daga ranar 6 ga Oktoba, 2025, gwamnatin tarayyar Najeriya ta gindaya wa waɗanda suka kammala manyan makarantu wani sabon sharaɗi: ba za a kira mutum aikin yi wa ƙasa hidima ba, ba kuma za a ba shi takardar yafewa ba, sai ya nuna shaidar cewa ya ɗora kundin bincikensa na kammala karatu a rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa da ake kira NERD. Daga cikin dalilan da hukumomi suka bayar akwai daƙile takardun shaida na bogi da satar fasaha, da kuma ɗaga darajar binciken da ake yi a manyan makarantu, tunda sunan ɗalibi da na malamin da ya duba masa aiki da na shugaban sashe duk za su kasance a jikin abin da aka adana.

Yawancin tambayoyin da ɗalibai da iyaye suka riƙa yi bayan sanarwar sun tsaya ne a kan yadda ake ɗora kundin da kuma ko dokar za ta jinkirta tafiya sansani. Akwai wata tambaya da ta riga waɗannan, wadda ba a cika yin ta ba: wannan kundin da ake son adanawa, wa ya koya wa ɗalibin rubuta irinsa, a wane aji, kuma da wane ma'auni aka taɓa auna shi kafin ya iso shekarar ƙarshe?

Mene ne rubutun hujja bisa bincike?

Kalmomi uku ne ke cakuɗewa a bakin mutane. Na farko shi ne insha'in muhawara, wanda kowane ɗan sakandare ya sani, inda ake ba ɗalibi batu a ce ya goyi baya ko ya yi suka da abin da ke cikin kansa. Na biyu shi ne rahoton bincike, inda ake tattaro abin da masana suka faɗa a jera shi ba tare da marubucin ya tsaya a ko'ina ba. Na uku, wanda shi ne batun wannan sharhi, ya haɗa su biyun: marubuci yana da matsaya a kan abin da masu hankali suka yi saɓani a kai, yana kare ta da shaidar da ya nemo, yana faɗin inda ya samo kowace shaida domin mai karatu ya iya bin sawu, sannan yana kawo hujjar wanda ya saɓa masa da ƙarfinta kafin ya ba ta amsa.

Masanin falsafa ɗan Ingila Stephen Toulmin ya fitar da wani fasali a 1958 wanda har yau malamai da dama ke koyarwa da shi. A taƙaice, kowace hujja tana da da'awa, wato abin da ake son a yarda da shi. Tana da shaida, wato abin da aka dogara da shi. Sannan akwai igiyar da ta ɗaure shaidar da da'awar, wadda sau da yawa marubuci ba ya furta ta domin yana ganin kowa ya san ta. Ya kuma ƙara da cewa da'awa mai gaskiya tana faɗin iyakarta da yanayin da za ta iya rushewa. A wurin wannan igiyar ne mafi yawan rubutun ɗalibai ke tsinkewa. Ɗalibi zai kawo adadi na gaskiya, ya kawo matsaya mai ma'ana, amma babu abin da ya nuna cewa adadin ne ya haifi matsayar.

Abin da jarrabawar sakandare ke aunawa

Malami yana koyar da abin da ya san za a tambaya, don haka duk mai son sanin abin da ake yi a aji sai ya dubi yadda ake raba maki. A takarda ta biyu ta Ingilishi a jarrabawar WAEC, ana ba ɗalibi batutuwa biyar ya zaɓi ɗaya, ya rubuta abin da bai gaza kalmomi 450 ba, a cikin kimanin minti 50. Makin wannan sashe 50 ne. Abin da ɗalibin ya faɗa yana da maki 10, tsara shi yana da 10, iya sarrafa harshe yana da 20, sai ƙa'idojin rubutu da nahawu masu maki 10, inda ake zare rabin maki a kan kowane kuskure har makin ya ƙare. Ke nan maki 30 cikin 50 na harshe ne zalla, kuma kurakurai ashirin sun isa su cinye kason ƙarshe gaba ɗaya.

Wannan rabo ba laifi ba ne a karan kansa, domin jarrabawar ta harshe ce, kuma abin da aka kafa ta ta auna ke nan. Amma yana da sakamako. Ɗalibin da ke cikin ɗakin jarrabawa ba shi da littafi ko jarida a gabansa, don haka ba zai iya kawo madogara ba, kuma ba a nemi ya kawo ba. Idan ya zaɓi muhawara, abin da aka horar da shi a kai shi ne ya fara da gaishe da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, ya jero dalilai uku ko huɗu na ɓangarensa, ya rufe da fatan ya gamsar da masu sauraro. Idan ya ƙago adadi daga kansa ya ce bincike ne ya nuna, mai gyara da ke da tarin takardu a gabansa ba shi da halin tantancewa. Haka lamarin yake a insha'in Hausa, inda muhawara ke cikin nau'o'in da ake koyarwa tare da labari da siffantawa da wasiƙa. Bayan shekaru shida a kan wannan turba, ɗalibi yana fita da fahimtar cewa hujja ita ce magana mai daɗi da aka faɗa da ƙarfin gwiwa, kuma ambaton dalilin abokin hamayya rauni ne.

Daga nan sai jami'a. A sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022, akwai darasin sadarwa da Ingilishi a shekarar farko da darasin falsafa da manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, a shekara ta biyu, waɗanda kowane ɗalibi ke ɗauka. A manyan jami'o'in gwamnati waɗannan darussa na gama-gari ana yin su ne a ɗakunan da ke cike maƙil, kuma a wurare da yawa jarrabawarsu ta zaɓi-ɗaya ce a kwamfuta. Mutum na iya cin darasin rubutu da maki mai kyau bai rubuta shafi ɗaya da wani ya karanta ya gyara masa ba. Darasin dabarun bincike yakan zo a shekara ta uku, ya fi mayar da hankali a kan yadda ake jera babi biyar da yadda ake rubuta manazarta. A shekara ta huɗu sai a ce ya kawo kundi mai shafuka da dama. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma kusan haka tsarin yake gudana.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan

Wasu na ɗaukar irin wannan rubutu a matsayin al'adar Turawa da boko ya kawo, kuma wannan zato yana sa ɗalibai su ji abin ya yi musu nisa. Tarihin ilimi a ƙasar Hausa da Barno bai goyi bayan haka ba. A farkon ƙarni na 19 an yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da shugabannin jihadin Sakkwato a kan halaccin yaƙar Barno. Al-Kanemi bai musanta cewa akwai munanan al'adu a ƙasarsa ba; ya amince da su, sannan ya kafa hujja da cewa saɓo daban, kafirci daban, kuma ana samun irin waɗannan laifuffuka a wasu ƙasashen Musulmi ba tare da an yaƙe su ba. Muhammadu Bello ya kawo maganar al-Kanemi a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sannan ya bi ta da raddi yana dogara da nassi da maganganun malamai. Ko wane ɓangare mai karatu ya fi karkata gare shi, dabarar a bayyane take: amincewa da abin da ba ya musantuwa, bambance ma'anar kalmomi, kawo maganar abokin hamayya da bakinsa, da jingina kowace magana ga mai ita. Almajirin zaure da aka saba tambayarsa a wane littafi ya ga magana, kuma wane malami ya karantar da shi, ya riga ya san ruhin madogara tun kafin ya ji sunan wani salon rubuta manazarta.

Yadda koyarwar take idan an yi ta

Misali zai fi bayani. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur, abin da ya kawo ƙarshen acaɓa a cikin birni ya kuma buɗe wa A Daidaita Sahu kasuwa. A ce malami ya ba ɗaliban aji biyar na sakandare jinga a kan ko hanin ya amfani talakan Kano. A tsohon salo, ɗalibi zai zauna dare ɗaya ya rubuta cewa acaɓa na jawo haɗari da sata, ya miƙa. A salon bincike, aikin zai ɗauki makonni, kuma kowane mako da abin da ake nema.

Da farko sai a taƙaita tambayar, domin kalmar amfani tana da faɗi: ta fuskar tsaro ake nufi, ko yawan haɗurra, ko kuɗin mota, ko aikin yi ga matasa? Daga nan sai neman shaida da auna ta, wanda shi ne sashe mafi wuya kuma mafi daraja. Ɗalibi zai koyi cewa alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da rahoton jarida na lokacin, da hirar da ya yi da tsohon ɗan acaɓa a unguwarsu, da saƙon da aka tura masa a WhatsApp, ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kowanne akwai abin da zai iya tabbatarwa da abin da ba zai iya ba. Hirar tana nuna yadda mutum ɗaya ya ji a jikinsa, amma ba ta nuna halin dubbai. Adadin haɗurra, ko da ya ragu bayan hanin, bai isa shi kaɗai ya nuna cewa hanin ne sanadi ba, tunda a shekarun an yi gyaran hanyoyi da gina gadoji, an kuma baza shingayen jami'an tsaro. Nan ne malami zai tsayar da ɗalibi ya tambaye shi igiyar da ta ɗaure shaidarsa da da'awarsa. Bayan haka sai a sa shi ya rubuta sakin layi guda yana kare ra'ayin da ya ƙi, da kyau har mai wannan ra'ayi ya yarda an yi masa adalci. Sai daftari na farko, sai abokan aji su karanta su nuna inda ba su gamsu ba, sai gyara.

Akwai saɓani a kan harshen da ya kamata a fara wannan horo da shi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sai kuma a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, yana danganta faɗuwa jarrabawa a wasu yankuna da ita. Masu goyon bayan Ingilishi tun daga tushe suna cewa da shi za a rubuta jarrabawa da kundi, kuma yawancin abin karantawa da shi yake. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa auna shaida aikin tunani ne, yaron da ke kokawa da nahawu ba ya samun sararin kokawa da dalili, kuma wanda ya iya gina hujja da Hausa zai ɗauke ta zuwa kowane harshe. Manufar ta shafi harshen koyar da sauran darussa ne. Darasin Hausa yana nan, kuma babu abin da ya hana malaminsa ya mayar da insha'in muhawara ya zama na bincike.

Gardamar ba da maki

A ɓangaren aunawa akwai matsayi biyu da suka daɗe suna ja-in-ja. Wasu malamai sun fi son su karanta maƙala gaba ɗaya su ba ta maki guda bisa gwanintarsu, suna cewa rubutu mai kyau ba a yanka shi gunduwa-gunduwa. Wannan hanya tana da sauri, amma malamai biyu na iya ba takarda ɗaya maki masu nisa da juna, kuma ɗalibin da ya samu 12 cikin 30 bai san abin da zai gyara ba. Wasu kuma sun fi son jadawalin maki da ake raba wa ɗalibai tun kafin su fara, mai ware kaso ga matsaya, ingancin shaida, amsa hujjar hamayya, madogara, da harshe. Jadawali yana rage son kai da zargin fifiko, yana kuma ba ɗalibi damar ƙorafi da dalili. Illarsa ita ce ɗalibai masu wayo kan koyi cika gurabe: madogara biyar, sakin layin hamayya ɗaya, ba tare da sun yi tunani a kan ko ɗaya ba. Abin da ya fi tasiri a jadawali shi ne nauyin da aka ba kowane kaso. Idan harshe ya ci gaba da ɗaukar fiye da rabi, sunan aikin ne kawai ya sauya.

Gardama ta biyu ita ce ko a auna abin da aka miƙa kaɗai ko a haɗa da hanyar da aka bi. A tsarin karatun ƙasa da ƙasa na International Baccalaureate (IB), ɗalibin ƙarshen sakandare yana rubuta maƙalar bincike da ba ta wuce kalmomi 4,000 ba, yana zama da malaminsa sau uku a kan yadda aikin ke tafiya, kuma zama na ƙarshe tambayoyi ne baki da baki. Amfanin wannan shi ne wanda ya sayi aiki ba ya iya bayanin dalilin da ya sa ya bar wata madogara ya ɗauki wata. Masu suka suna cewa tsarin na makarantun masu hali ne, kuma lissafi yana goyon bayansu. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma a ce malami yana da azuzuwa huɗu masu ɗalibai 80 kowanne, wanda ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na manyan birane. Takardu 320 ke nan. Idan ya ba kowace minti goma, daftari ɗaya zai ci masa fiye da awa 53, ban da shiga aji. Malaman da ke ƙoƙarin yin abin a irin wannan hali sukan rage tsawon aikin zuwa shafi ɗaya ko biyu, su sa bincike a rukuni amma rubutu kowa da nasa, su duba abu ɗaya tak a kowane daftari, su kuma zaɓi wasu ɗalibai su kare aikinsu a gaban aji na minti biyu ko uku.

Na'ura a matsayin alƙali

Jami'o'i da dama yanzu suna sa a tace kundi da manhajoji irin su Turnitin, ko EagleScan wadda Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya ya samar, kuma kowace jami'a da iyakar kason kamanceceniya da take karɓa. A nan akwai ruɗani babba. Manhajar tana auna kamannin kalmomi ne da abin da ke rumbunta, ba ta yanke hukuncin sata. Ɗalibin da ya ɗauko magana ya sa ta cikin alamar zance ya faɗi mai ita zai iya samun kaso mai yawa alhali bai yi laifi ba, wanda kuma ya kwashe tunanin wani ya sauya kalmomi zai fita da kaso kaɗan alhali ya yi sata. Inda aka mayar da adadin ya zama shi ne hukunci, abin da ɗalibai ke koya shi ne juya jimla.

Fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke rubutu kamar mutum, a Nuwamba 2022 ta ƙara dagula lissafi, domin yanzu ana iya samun maƙala sabuwa fil wadda ba ta yi kama da komai ba, wani lokaci har da madogarar da babu ita a duniya. Manhajojin da aka ce suna gano rubutun ƙirƙirarriyar basira ba su zama abin dogaro ba. Kamfanin OpenAI, wanda ya ƙirƙiri ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yuli 2023 saboda ƙarancin daidaito. Wani nazari da masu bincike a Jami'ar Stanford suka wallafa a shekarar ya gwada irin waɗannan manhajoji bakwai, ya samu cewa sun ɗauki fiye da rabin maƙalolin da waɗanda Ingilishi ba harshensu na uwa ba ne suka rubuta a matsayin aikin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta su. Dalilin shi ne mai koyon harshe yakan yi amfani da kalmomi da jimloli da aka saba da su. Wannan ya shafi ɗalibin Katsina ko Gusau kai tsaye, wanda Ingilishinsa na aji ne.

Abin da zai biyo baya ga ɗalibai da iyaye

Ga ɗalibin da ke shekarar ƙarshe, sauyi na kusa shi ne kundinsa ba zai tsaya a kan kanta a ofishin sashe yana shan ƙura ba. Tsohuwar dabarar ɗauko kundin wata jami'a a sauya sunan gari da shekara za ta fi saurin tonuwa idan rumbun ya cika, kuma tonuwar na iya zuwa bayan shekaru, lokacin da mutum ya riga ya kama aiki ko ya fito takara. Malaman da sunansu zai kasance a jikin aikin suna da dalilin tsananta dubawa, wanda zai iya inganta aiki, zai kuma iya jawo jinkiri a sassan da malami ɗaya ke duba ɗalibai masu yawa a zango guda.

Kasuwar rubuta wa ɗalibai kundi da ke shagunan kwamfuta a bakin makarantu da wuya doka ta kashe ta, tunda buƙatar da ta haife ta tana nan. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ta sauya kaya, daga sayar da tsohon kundi zuwa sayar da sabo da aka tabbatar zai tsallake tacewa, kuma farashi ya tashi. Idan haka ta faru, nauyin zai faɗa kan iyayen da ke biya, kuma tazara za ta ƙaru tsakanin ɗan da ya yi makarantar kuɗi inda aka saba ba shi jingar bincike tun yana ƙaramar sakandare, da ɗan makarantar gwamnati da ya fara jin kalmar madogara a shekara ta uku ta jami'a.

Makin da malamai ke da iko da shi, wato na gwajin cikin zango, wanda a yawancin jami'o'i yake kashi 30 ko 40 cikin ɗari, shi ne gurbin da za a iya saka irin wannan rubutu ba tare da jiran WAEC ko NECO su sauya takardunsu ba. A halin yanzu, a darussa da yawa, ana cike wannan gurbi ne da gwaji ɗaya na rabin awa da kuma rajistar halartar aji.